Filin Masu Ɗaukar Hoto: Tabarau Don Idon Kyamara

A wannan mako za mu duba al'amarin da ke damun masu ɗaukar bidiyo, watau yadda mutum zai matso da kyamara kusa da ƙaramin abu, kamar zanen lalle a tafin amarya ko ɗinkin aska takwas a wuyan riga, sai ya ga hoton ya yi dishi-dishi. Dalili kuwa shi ne kowane idon kyamara yana da iyakar kusancin da yake iya gani sosai.

Magunguna biyu ne masu sauƙin kuɗi. Na farko bututu ne marar gilashi, wanda ake sakawa tsakanin kyamara da idonta. Na biyu kuwa gilashi ne da ake ɗaurawa a bakin idon, wanda aikinsa daidai yake da na tabarau da dattawa ke karatu da shi, har lambobinsu ma iri ɗaya ne. In aka saita ido a kan nesa ƙwarai aka ɗaura mai lamba +1, za a ga abin da ke nisan mita 1 tangaran. Mai +2 santimita 50, mai +4 kuwa santimita 25.

A ganinmu gilashin ya fi dacewa da mai bidiyo. Bututu yana cin haske, mai bidiyo kuwa ba shi da hasken yin asara, domin hotuna 25 yake ɗauka a kowace daƙiƙa, kuma ba zai iya barin ƙofar haske a buɗe ta daɗe kamar mai hoton kati ba. Bugu da ƙari, in an saka bututu, da zarar an zuƙo hoto sai saitin ya ɓace, alhali kuwa gilashin gaba ba ya jawo wannan. Amma a lura, gilashin ya fi ƙarfi a kan ido mai hangen nesa, bututu kuma a kan gajere.

To, sai dai gilashi suna suka tara. Akwai masu araha da ake sayarwa huɗu a jaka, +1 da +2 da +4 da +10, kowanne falle ɗaya. Masu ƙaramar lamba ba laifi, amma mai +10 yakan sa gefen hoto ya yi hazo, a ga wani jan layi ko shuɗi ya kewaye sarƙar zinariya. Wanda aka haɗa falle biyu ko fiye shi ke gyara wannan aibi. Irinsa ne Canon 500D mai +2, da 250D mai +4, da Raynox DCR-250 mai +8. Wanda zai sayi guda ɗaya tak, shawararmu ya ɗauki mai +2 ko +4, domin gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar wurin da zai fito sarai, har ya koma 'yan milimitoci, numfashin amarya kaɗai ya isa ya fitar da yatsanta daga saiti. Saboda haka kuma sai a kafa kyamara a kan abin ɗorawa mai ƙafa uku, a ƙara fitila, a tsuke ƙofar haske.

Kafin a biya kuɗi a duba lambar da ke bakin ido kusa da alamar ø, ko 52 ce, ko 58, ko 67. In gilashin ya fi bakin faɗi akwai zoben haɗi, amma in ya gaza, kusurwoyin hoto kan yi baƙi. Wanda kuma zai haɗa biyu, mai babbar lamba shi zai fara ɗaurawa.