Allura Ko Ƙwaya: Wanne Ya Fi Ga Mai Kitsen Jini?

Shekara shida ke nan mahaifina yana shan ƙwayar atorvastatin kowane dare, tun da likita ya ce kitsen jininsa, wato kwalestarol, ya yi yawa. Kwanan baya ya ji labarin wata allura da ake yi sau biyu a shekara, sai ya ce shi kam ya gaji, zai ajiye ƙwaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin a gidajenmu da yawa an ɗauka cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi.

Babu shakka alluran suna aiki. A 2015 Amurka ta amince da evolocumab da alirocumab, waɗanda ake yi duk mako biyu ko wata-wata, a 2021 kuma ta amince da inclisiran, wadda mahaifina ya ji labarinta. Dukansu suna taimaka wa hanta ta kwashe mugun kitse daga jini. Wani bincike na 2017 a kan mutum fiye da 27,000 ya nuna evolocumab ta rage wannan kitse da kusan kashi 60 cikin ɗari. To amma 'yan'uwana ɗalibai, ku lura: mutanen nan suna shan ƙwayoyin statin, irin ta mahaifina, aka ƙara musu allurar a kai.

Su kuwa ƙwayoyin statin tun 1987 ake amfani da su. Suna hana hanta ƙera kitse da yawa, an daɗe da tabbatar da cewa suna rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ga su da araha. Evolocumab kuwa da ta fito kuɗinta ya kai dala 14,000 a shekara, kuma a firji ake ajiye ta. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A ganina allura ta dace da wanda ya gaji ciwon daga iyaye, ko wanda ƙwaya ta kasa sauko masa da kitse, ko ta dame shi da ciwon tsoka. Shi ma likita ne zai yanke, ba jita-jita ba. Na roƙi mahaifina kada ya ajiye ƙwayarsa sai ya ga likitansa, ya kuwa yarda. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.