RA'AYINMU: Zafin Rana Ba Ya Tauye Lita

Ranar 29 ga watan Mayu 2023 ce Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta doshi naira 500 a Ikko cikin 'yan kwanaki, a shekarar 2024 kuwa har ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Daga lokacin ne mutanenmu mazauna Kurmi suka fara ƙirga mai kamar yadda ake ƙirga kuɗi. Ɗan acaɓa da mai Keke NAPEP, da direban da ke ɗauko tumatir zuwa Mile 12, da telan da ke tayar da janareto a Agege ko Sabon Badun, kowannensu kukansa ɗaya ne: ya biya kuɗin lita goma, amma man bai yi masa aikin lita goma ba. In ya yi magana a gidan mai, amsar da yakan samu ita ce wai zafin rana ne ke shanye man. Wasu kuma sun ɗauki maganar, har suna yi wa juna nasiha cewa a riƙa shan mai da asuba. Ya kamata a warware wannan batu, domin an cakuɗa gaskiya da ƙarya a cikinsa.

Gaskiyar ita ce fetur yana kumbura in ya ji zafi, ya kuma tsuke in ya ji sanyi. Masana sun auna abin tun da daɗewa: duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru a ma'aunin Salshiyas, man yakan ƙara kashi ɗaya cikin dubu na yawansa, ko ya ɗan ɗara. Watau lita 1,000 ta zama 1,001. Ba wani mai ne ya ƙaru ba, wanda ke nan ne ya baje. Saboda haka lita ɗaya ta mai mai ɗumi ba ta kai ta mai sanyi nauyi ba, mota kuwa nauyin mai take ƙonawa. Shi ya sa manyan 'yan kasuwar mai na duniya suka tsayar da digiri 15 a matsayin ma'aunin ciniki tsakaninsu, in jirgi ya kawo kaya da zafinsa sai a yi lissafi a mayar da shi kan digiri 15 kafin a biya.

To, amma a lura da kyau. Famfon gidan mai ba nauyi yake aunawa ba, cika yake aunawa. A cikinsa akwai mita wadda man ke bi ta ciki yana juya ta, ita kuma tana ƙirga abin da ya wuce. In mitar nan lafiyarta lau, lita 20 da ta nuna za ta cika ma'aunin lita 20, ko da asuba ne ko da tsakar rana, ko a Jos ko a Fatakwal. Mudun gero mudu ne, ko geron ya yi nauyi ko bai yi ba. Zafi yana iya rage ƙarfin da ke cikin lita, amma ba shi da ikon hana lita cika. Wanda ya biya kuɗin lita goma aka ba shi tara, tauye masa mudu aka yi. Kafin zafi ya kawo bambancin kashi ɗaya cikin goma sai man ya ƙara wajen digiri 90 ko 100, alhali kuwa fetur ya daɗe da fara tafasa yana bin iska kafin a kai nan.

Maganar shan mai da asuba ita ma ba ta da wani kirki. Tankin gidan mai a binne yake cikin ƙasa, ƙasa kuwa ba ta bin rana yadda kwanon rufi ke yi. Duk wanda ya taɓa jan ruwan rijiya da azahar ya san haka. Zafin man da ke ƙasa da kyar yake motsawa tsakanin safe da yamma. A ce ma ya motsa da digiri biyu: a lita goma bambancin bai cika cokali biyu na cin abinci ba, in lita naira 1,000 ce wajen naira 20 ke nan. Man da mutum zai ƙona ya je gidan mai musamman da sassafe ya fi abin da zai tsira da shi.

Inda zafi ke da magana sosai shi ne a kan tanka, kuma 'yan'uwanmu direbobin tanka sun fi kowa sani. Motar da ta yi lodin lita 33,000 a Apapa da rana tsaka, in man ya huce da digiri biyar kafin a sauke shi, za a nemi lita 165 ko fiye a rasa, ba wanda ya taɓa ko ɗigo. Sau da yawa a kan direba ake ɗora wannan giɓi, a zabge masa kuɗi ko a kira shi ɓarawo. Wannan ba daidai ba ne. Kamata ya yi a rubuta zafin man a takardar lodi, a sake aunawa a wurin sauke kaya, a yi lissafi. Abin da ya rage bayan lissafi shi ne direba zai amsa. Mai gidan mai kuma ba shi da hujjar ya ce zai fanshe asararsa ta hanyar murɗe mita, don ɗan acaɓa ba shi ya yi masa lodi ba.

A ƙasar Kanada yawancin famfuna suna da na'urar da ke auna zafin mai ta gyara lissafi zuwa digiri 15, har akan rubuta hakan a jikin famfo. Ba abin mamaki ba ne da 'yan kasuwar can suka karɓe ta hannu bibbiyu, ƙasarsu mai sanyi ce, gyaran su yake yi wa daɗi. A nan ƙasar zafi, inda man kan kai digiri 30, mai saye ne zai samu ƙarin lita ɗaya da rabi ko fiye a kowace 100. Duk da haka ba mu ga wannan shi ne abin gaggawa ba. Na'urar kuɗi ce, kuɗin kuma a kan mai saye zai ƙare. A fara gyara mudun tukuna.

Mita takan sheƙa ƙarya ta hanya biyu. Akwai tsufa, don ƙarfen da ke juyawa dare da rana dole ya ci, shi ya sa ƙa'idar duniya ta yi wa famfo afuwar rabin kashi ɗaya cikin ɗari, watau kimanin rabin kofin shayi a lita 20, sama ko ƙasa. Akwai kuma hannun mutum, inda ake kwance hatimin hukuma a juya ma'auni, ko a taɓa lissafin na'urar a famfunan zamani. Ban da waɗannan akwai wayon yaran famfo, wanda ba ya bukatar makaniki: a ɗora maka a kan lambar wanda ya sha kafin kai, ko a ja ka da hira a tsayar da famfo kafin kuɗinka su cika. Maganin wannan a idonka yake. Ka sauko, ka ga lamba ta koma sifiri, ka tsaya har a gama.

Sai dai mu ma masu saye mu yi adalci. Allurar mai ta mota ba ma'auni ba ce, kwatance take yi. Tankin mota yakan ɗauki fiye da abin da kamfani ya rubuta, saboda wuya da sararin da aka bari don kumburi. Jarkar roba kuwa ta kan buɗe in ta sha rana, ba kowace mai sunan lita 25 ce ke cin 25 daidai ba. Wanda zai tuhumi gidan mai da irin wannan shaida zai sha kunya. Tun da mun ambaci jarka, kada a cika ta maƙil a toshe. Lita 25 in ta yi ɗumi da digiri 15 tana neman ƙarin wurin da ya doshi rabin lita, ga tururi, ga ɗakunanmu na haya inda risho da jarka ke kwana wuri guda.

Shaidar da ba ta da gardama ita ce gwangwanin awo na ƙarfe mai siririn wuya, wanda ma'aikata ke kira Seraphin, mai cin lita 20 daidai. Da shi jami'ai ke gwada famfo in sun fita rangadi. Doka ma ba a rasa ta ba. Akwai dokar awo ta 1974, ta zamanin da ƙasar nan ta bar galan ta koma lita, da sashen kula da ma'aunai a Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya. Akwai kuma hukumar NMDPRA, wadda ta gaji DPR bayan dokar man fetur ta 2021. Mukan ji an rufe gidajen mai saboda tauye lita, a ɗauki hoto, bayan kwana kaɗan a ga an buɗe, jama'a ba su san tarar da aka biya ba, ba su san ko an gyara famfon ba.

Don haka muna kira ga hukumomin nan biyu su tilasta wa kowane gidan mai ajiye gwangwanin awo mai hatimi a fili, yadda duk mai saye da ya yi shakka zai ce a gwada a gabansa, ba tare da an kira masa 'yan daba ba. A manna takarda a jikin kowane famfo mai nuna ranar da aka gwada shi, a kuma riƙa buga sunayen waɗanda aka kama sau biyu. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Shagamu da Anacha, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, su ma da aikinsu: baƙo shi kaɗai in ya ɗaga murya a gidan mai korarsa za a yi, amma takardar koke da ƙungiya ta sa wa hannu, mai ɗauke da rana da lambar famfo da rasit, ofis ba ya iya jefar da ita cikin kwando.