Maraya ba tuwo kaɗai yake bukata ba

Yau za mu leƙa wani gida wanda da yawa daga cikinmu muke wucewa ta ƙofarsa ba mu shiga, wato gidan renon marayu da yaran da suka rasa mai riƙo.

Ga yadda yini yake tafiya a irin wannan gida. Da asuba mai reno ta tashe su, ta yi wa ƙanana wanka, ta dama kunu. Manya su ɗauki jaka su nufi lakkol, ƙanana su zauna tsakar gida suna wasan ƙasa. Da rana a ci abinci a kwanta, da la'asar a ɗauki allo, da dare a ci tuwo, a yi gatana, a saki gidan sauro. Mai kallo daga waje sai ya ce babu abin da ya rage. Amma in ɗan shekara biyu ya farka tsakar dare yana kuka, wa za ta ɗauke shi? Wadda ta goya shi jiya, ko kuwa wata baƙuwar fuska da ta karɓi aiki yau? Nan ne maganar take.

Duniya ta riga ta ga illar reno mai yawan canjin hannu. Bayan faɗuwar mulkin Causesku a ƙasar Romaniya cikin 1989, an tarar da dubban yara a manyan gidajen reno, ana ba su abinci amma babu mai ɗaukarsu. Daga shekara ta 2000 masana suka bi sawun yara 136 na irin waɗannan gidaje a birnin Bukares, aka maida rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka maida kafin su cika shekara biyu sun fi sauran kaifin hankali da shaƙuwa da mutane. Cikin 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi cewa yaron da bai kai shekara uku ba, cikin iyali ya kamata a rene shi.

Inda gidan reno ya zama dole, to a tsara shi tamkar gidan iyali. Wannan ce dabarar Herman Gmaina, wanda ya kafa ƙungiyar SOS a Ostiriya cikin 1949: uwa guda, da ƴan yara kaɗan, da gida nasu, ba a raba wa da ƙane. Ƙungiyar ta buɗe ƙauyenta na Yamai cikin 1993, daga baya ta kai Tawa da Doso.

Mu kam wannan darasi ba baƙo ba ne gare mu. Annabi (SAW) maraya ya tashi; kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, bayansa baffansa Abu Ɗalibi. Kakanninmu ma, in uwa ta rasu, gwaggo ko inna ke ɗaukar goyo. Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita cikin 1990, ta ambaci kafala, riƙon da ba ya shafe sunan uba.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da abu huɗu. Na farko, a bar mai reno ga yaran da suka saba da ita, a biya ta albashinta kan kari, don kada talauci ya kore ta. Na biyu, kada a raba ƴan ɗaki ɗaya. Na uku, a yi wa kowane yaro takardar haihuwa, domin in babu ita, jarrabawa ma sai ta gagare shi. Na huɗu, a nemi dangi, a taimaka musu da hatsi da magani su karɓi nasu.

Ku kuma mutanen unguwa, buhun shinkafa na ranar salla alheri ne, amma bai isa ba. Ku riƙa zuwa, ku san sunayen yaran, ku bar ɗiyanku su yi wasa da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah shi ba mu ikon sauke wannan amana, amin.