Wa Ke Duba Ɗakin Awon Masu Dashen Ciki?

Duk wanda ya san ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san manomi ba ya wasa da iri. Tun zamanin Turawa, sa'ad da aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, mutanen wannan yanki suka saba da cewa iri yana da asali, yana da suna, kuma akwai ma'aikacin da ke tsaye a kansa don kada ya gauraya da wani. Har yau in an ce wa manomi ga masarar Sammaz ko audugar Samcot daga Samaru, sai ya juya buhu ya duba shaida kafin ya kwance bakin aljihunsa. To, akwai wani iri wanda ya fi waɗannan daraja nesa ba kusa ba, watau irin ɗan Adam, wanda yanzu ake sarrafawa a asibitocin manyan biranenmu, amma jama'a ba su tambayar shaidarsa, Hukuma kuwa ba ta tsaya a kansa yadda ya kamata ba.

Abin da muke nufi shi ne dashen ciki, wanda wasu ke kira haihuwar kwalba. An fara cin nasararsa a Ingila ran 25 ga Yuli, 1978, da aka haifi Louise Brown a garin Oldham, bayan doguwar wahalar da Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy suka sha. A Nijeriya, Farfesa Osato Giwa-Osagie da Farfesa Oladapo Ashiru sun kama aikin a Legas tun cikin shekarun 1980, sa'an nan a 1998 aka haifi jaririya ta wannan hanya a Abuja, a hannun Dakta Ibrahim Wada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023, kimanin mutum ɗaya cikin shida na manya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne magidanci ya sayar da amfanin gonarsa na kaka guda, ya haɗa da shanun huɗa, ya ɗauki matarsa su nufi Kaduna ko Kano ko Abuja.

Miji da mata suna ganin likita, suna ganin mai jinya da mai karɓar kuɗi. Wanda ba su gani shi ne ma'aikacin ɗakin awo, alhali kuwa rabin aikin a hannunsa yake. Bayan an yi wa mace allurai na kwana goma ko fiye, likita yakan zuƙo ƙwayayen haihuwarta da allura ya miƙa su ciki. Daga nan sai wancan ma'aikaci ya tsince su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya wanke maniyyin miji, ya haɗa su cikin ɗan faranti. In maniyyin ya yi rauni, sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya tak ya soka cikin ƙwan, dabarar da aka fito da ita a Beljiyam a 1992. Sa'an nan a ajiye farantin kwana 3 zuwa 5 cikin akwatin raino mai ɗumin jikin mutum, awo 37, wanda ba a so ya hau ko ya sauka. Tayin da ya ragu bayan an yi dashe akan daskarar da shi cikin tulun ruwan naitirojin mai sanyin awo 196 ƙasa da sifiri.

Mai karatu ya tsaya ya auna wannan da halin wutar lantarkinmu. A watan Maris na 2018, a birnin Cleveland na Amurka, inda ba a san ɗauke wuta kamar tamu ba, tulu ɗaya ya lalace a wani asibiti, ƙwai da tayi kimanin 4,000 suka salwanta. In haka ta faru a can, lalle ne a tambayi masu asibitocinmu wa ke kwana kusa da tulun, kuma wa ke rubuta awonsa safe da yamma.

Amma asarar da ta fi wannan ciwo ita ce gaurayar iri. Ƙwan wannan mata da na waccan ba su da bambanci a ido, abin da ke raba su kawai sunan da aka rubuta a jikin faranti. A 2002 labari ya fito cewa a birnin Leeds na Ingila an haɗa ƙwan wata mata da maniyyin wani mutum dabam bisa kuskure, ba a kuwa gane ba sai da aka haifi tagwaye launin fatarsu ya saɓa da na iyayen. A 2025 wani kamfanin dashen ciki a Ostareliya ya amsa cewa ya dasa wa wata mata tayin wasu, har ta haife shi. Na Leeds launi ne ya tona shi. A nan kuwa, inda mai Bakori da mai Kafur duk fatarsu ɗaya, me zai tona? Yaro zai tashi ya ci gadon gidan da ba nasa ba, wata rana ma ya nemi auren ƙanwarsa, ba wanda ya sani. Don haka ne a ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske ba a motsa ƙwai ko maniyyi ko tayi daga wannan mazubi zuwa wancan sai mutum biyu sun karanta sunan sun sa hannu, ko kuma na'ura ta tabbatar.

Wancan kuskure ne. Akwai kuma ganganci, wanda ya fi wuyar kamawa. Binciken likitoci ya nuna cewa a kusan rabin gidajen da ba a haihuwa, akwai matsala daga wajen namiji, ko da yake a ƙauyukanmu mace ake kira juya, ita ake yi wa kishiya. In awo ya nuna miji ba shi da ƙwayar haihuwa ko kaɗan, ga shi ya biya kuɗi masu yawa, ga asibiti yana son a ce aikinsa na ci, hanyar ɓarna a buɗe take, domin ba abin da zai hana a ɗebo na wani a rufa masa asiri, sai tsoron Allah na ma'aikacin da ke cikin ɗakin.

Malamai ba su yi barci a kan wannan ba. A 1980, Shaihu Jadul Haƙƙi, Muftin Masar na lokacin, ya ba da fatawa cewa dashen ya halatta in ƙwai na matar ne, maniyyi na mijin ne, kuma igiyar aure tana nan. Majalisar Fiƙihu ta Makka, a 1984, ta yarda a dasa tayin mace a mahaifar kishiyarta, amma a 1985 ta janye, don gudun kada kishiyar ta ɗauki nata cikin a rasa gane ɗan wace ce. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu da ke da gidaje masu mata biyu da uku. Haka nan batun tayin da aka daskarar: in aure ya mutu, ko miji ya rasu, a wurin jumhurin malamanmu ba a dasa shi. To, wace takarda ce a asibiti ta faɗi abin da za a yi da shi, kuma wa ya karanta wa matar da ba ta iya boko ba kafin ta dangwala?

Sai kuma gaskiya wajen alkawari. Ko a Ingila, mace 'yar ƙasa da shekara 35 takan sami nasara kimanin sau ɗaya cikin uku ne kawai a kowane dashe, in ta haura 40 kuwa abin yakan faɗi ƙasa sosai. Wanda duk ya ce maka aikinsa ba ya faɗuwa, ka riƙe kuɗinka. Wasu don su ƙawata lissafinsu sai su zuba tayi uku ko huɗu a mahaifa ɗaya, mace ta koma ƙauye da cikin 'yan uku, ta haife su bakwaini a inda babu kwalbar rainon jarirai.

Ingila ta kafa kwamitin Mary Warnock wanda ya ba da rahoto a 1984, ta yi doka a 1990, ta kafa hukuma mai ba da lasisi da binciken kowane ɗakin awo. A nan gida, Jihar Legas ta fitar da ƙa'idojinta a 2019, amma a Tarayya an yi ta kai ƙuduri gaban Majalisa, har shekarar 2024 ta ƙare ba a sami doka ta musamman ba. A ganinmu Jihar Katsina ba ta da dalilin jiran Abuja. Ma'aikatar Lafiya tana iya tsara sharuɗɗan da duk mai son buɗe irin wannan asibiti a jihar zai cika, tana kuma iya ba manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi jerin wuraren da aka bincika aka yarda da su, domin likita ya san inda yake tura mutane. Ungozomomin da ake horarwa a Malumfashi su ne mata ke fara kai wa kukansu, ya kamata a koya musu abin da za su faɗa.

Ɗalibanmu masu karatun awon asibiti a Zariya da Kano da Sakkwato su lura, fannin rainon tayi yana neman ma'aikata, kuma ya fi kyau a sami 'ya'yanmu a ciki, waɗanda suka san nauyin nasaba da gado. Sai dai jami'o'i su riƙa koyar da amanar aikin tare da aikin hannu, kada a mai da ita darasin mako guda a ƙarshen zango.

Kafin Hukuma ta motsa, magidancin da ya yi niyyar tafiya ya nemi a ba shi a rubuce: ƙwai nawa aka ciro, nawa suka kama, nawa aka dasa, nawa aka daskarar, a wane tulu, da sunayen ma'aikata biyun da suka shaida kowane mataki. Ya kuma tambayi abin da za a yi da ragowar in shi da matarsa ba su dawo ba.