Hallaka Kai Tsakanin Maza da Mata: Darasi Daga Gonakin Asiya

Akwai maganganun da Bahaushe ba ya son a ɗauko, yakan ce a bar kaza cikin gashinta. Ɗaya daga cikinsu ita ce maganar mutum ya kashe kansa da kansa. Addini ya haramta wannan aiki, al'ada kuma ta ɗauke shi abin kunya, don haka in ya auku sai dangi su rufe, a ce gajeruwar rashin lafiya ce. Amma fa rufe baki bai taɓa rage yawan gawa ba.

Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2019 mutane kimanin 703,000 ne suka hallaka kansu a faɗin duniya, kashi 77 cikin ɗari kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. A cikin kowane maza 100,000 an sami 12.6, a mata kuwa 5.4, wato maza sun ninka mata har da ɗori. Daɗin daɗawa, yankin Afirka shi ne kan gaba da 11.2, alhali duniya baki ɗaya tana da 9.0. Ashe ke nan masu cewa wannan cutar Turawa ce sun yi kuskure.

To, me ya sa maza suka fi yawa? Masana sun lura cewa a ƙasashe da dama mata sun fi yunƙurin aikatawa, amma maza sun fi mutuwa, saboda sukan bi hanyar da ba a cika tsira daga gare ta ba. Ban da haka, tun yana yaro ake koya wa namiji cewa kuka ba nasa ba ne. Bashi ya yi masa katutu, ko aiki ya kuɓuce masa, sai ya haɗiye, har abin ya ci shi.

Sai dai wannan fifiko na maza ba dokar halitta ba ce. Wani bincike da aka buga a 2002 ya nuna cewa tsakanin 1995 da 1999, a ƙasar Sin mata sun ɗara maza da kashi 25 cikin ɗari, kuma ƙauye ya ninka birni sau uku. Dalili a fili yake. Matar manomi za ta yi cacar baki da miji ko uwar miji, zuciya ta ɗebe ta, ga maganin ƙwari na gona a kusurwar ɗaki, ga asibiti da nisa. Fushin da zai huce kafin gari ya waye sai ya zama ajali. Da 'yan mata suka soma ƙaura zuwa birane neman aiki, suka yi nisa da guba da kuma takurar gidan miji, sai adadin ya faɗi ƙwarai.

Ƙasar Sirilanka ta ƙara tabbatar da haka. Gwamnatinta ta bi magungunan ƙwari mafiya haɗari tana hana shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin 1995 da 2015 yawan masu hallaka kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, an kuma ƙiyasta cewa rayuka 93,000 suka tsira, ba tare da amfanin gona ya karye ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ƙasar Hausa ma ƙasar manoma ce. Ana sayar da maganin feshi a kasuwannin ƙauye ga duk wanda ya miƙa kuɗi, a ajiye shi a ɗaka kusa da hatsi. Akwai matan da aka aurar ba da sonsu ba, akwai magidantan da talauci ya ɗaure wa hannu. Sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin bai mutu ba, alhali irin wannan hukunci tsoratar da mai neman taimako yake yi. Majalisar Ghana ta soke makamanciyar wannan doka a 2023.

Abin da ya kamata ke nan: hukuma ta janye magunguna mafiya guba daga kasuwa, asibitoci su riƙa rubuta dalilin mutuwa bisa gaskiya tare da rarrabe maza da mata, birni da ƙauye, domin ba a maganin cutar da ba a ƙirga ba. Malamai kuma, in sun faɗi haramci, su haɗa da cewa ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani, kai mai shi wurin likita ba gazawar imani ba ce. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya janye daga mutane yana maganar gajiya da rayuwa, to ya zauna ya saurare shi, ya kawar da abin cutarwa daga kusa da shi, ya raka shi asibiti.