Shiru Ma Magana Ce

Akwai wata kalma da takan fito daga bakin 'yan'uwanmu ɗalibai duk lokacin da aka sa musu fim ɗin da babu waƙa, babu rawa, babu dambe a cikinsa. Kafin a yi minti 20 sai ka ji wani ya yi hamma ya ce, "Wai yaushe za a fara ne?" Wannan tambaya ita nake so mu tsaya mu yi wa kallon tsanaki, domin a ganina ta fi bayyana halinmu fiye da yadda take bayyana aibin fim ɗin.

Bari mu ɗauki misali guda. A shekarar 1997 wani mutumin Iran, Abbas Kiarostami, ya fito da fim mai suna Ta'm-e Gilas, watau ɗanɗanon wani ɗan itace ja mai zaƙi da ake samu a ƙasarsu. Labarinsa bai taka kara ya karya ba. Wani magidanci ne, Malam Badi'i, yake yawo da motarsa a tuddan bayan birnin Tehran. Duniya ta ishe shi, ya yi niyyar halaka kansa, yana neman wanda zai biya ya zo da safe ya rufe shi da ƙasa. Ya ɗauki mutum uku, ɗaya bayan ɗaya: wani ƙaramin soja Bakurde, da wani ɗalibin ilmin addini mutumin Afganistan, da wani dattijo mai aiki a gidan adana kayan tarihi. Daga mota sai ƙura, sai hira, sai shiru. Har fim ya ƙare ba a gaya mana abin da ya dami mutumin nan ba.

A shekarar ne aka ba fim ɗin babbar lambar yabo ta bikin finafinai na Kan, a ƙasar Faransa, tare da wani na Japan. Amma a 1998 Roger Ebert, mashahurin mai sharhin finafinai na Amurka, ya ba shi tauraro 1 cikin 4, ya ce gundurarsa kawai ya yi. Ashe dai ba mu kaɗai ne masu hamma ba. To, a cikinmu nan, masu kallon irin wannan fim a waya ko a kwamfuta a ɗakunan kwanan ɗalibai sukan kasu gida uku.

Kashi na farko su ne masu cewa ba abin da ya faru. Ba na ganin laifinsu ƙwarai, gama abin da ido ya saba da shi shi yake nema. Tun zamanin da finafinan Indiya irin su Mother India na 1957 suka mamaye gidajen silima na Arewa, aka koya mana cewa baƙin ciki sai da waƙa, soyayya sai da rawa. Finafinan Hausa na bidiyo da suka faro daga Turmin Danya a 1990 ba su daɗe ba su ma suka bi wannan turba. Amma fa mu tuna muna da wani gadon. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin tafiya ne da rabuwa da kewar uwa, kuma a natse yake tafiya. Da aka gyara shi aka nuna a bikin Balin na Jamus a 2018, duniya ta kalla. Mu nawa ne muka taɓa zama muka gan shi?

Kashi na biyu su ne masu cewa maganar kisan kai ba abin kallo ba ce, tun da addini ya haramta. Lalle ya haramta, kuma ɗalibin nan na Afganistan ya faɗa wa Badi'i haka ƙarara. Sai dai a lura da wanda maganarsa ta ratsa shi. Dattijon nan bai ɗaga murya ba. Labarin kansa ya bayar: shi ma ya taɓa ɗaukar igiya ya nufi wata itaciya da asuba, sai 'ya'yanta suka taɓa hannunsa, ya ɗanɗana, ya ji zaƙi, ya ga fitowar rana, ya ga yara za su makaranta, ya koma gida da ransa. Bayan sun rabu, sai ga Badi'i ya dawo a guje yana roƙon dattijon, in ya zo da safe ya jijjiga shi da kyau, kada ya zamana yana da sauran numfashi. Wanda ya gane ma'anar wannan gudu ba zai ce fim ɗin yana kiran mutane ga halaka ba.

Kashi na uku kuwa, su ne suka fi ba ni tsoro: 'yan bokon da ke yabon fim don kawai Turawa sun ba shi lamba, suna yi wa mai hamma kallon bagidaje. Jinkiri shi kaɗai ba gwaninta ba ne. Akwai shirun da ke ɗauke da magana, akwai na rashin abin faɗi, kuma wanda ya kashe kuɗinsa ya sayi data yana da ikon ya tambaya wanne aka ba shi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne a ce mu, mutanen kwarin Rima, mu ne za mu kasa jure shiru. Duniya ta san Argungu da bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Baƙo yakan zo ya ga dubban masunta sun auka Matan Fada da homa da gora, a yi kamar awa guda ana hayaniya, ya tafi. Amma Bakabe ya sani watanni aka yi ana tsaron ruwan nan ba a taɓa shi ba, kafin giwan ruwa ta yi girman da za a yi alfahari da ita. Masunci da manomin shinkafar fadama ba su jahilci jira ba. Mu da muka shiga aji ne muka mance.

Kuma ai labarin Badi'i a kan hanyarmu yake kullum. Shiga motar haya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, ka dubi waɗanda aka cusa ku tare. Ga ɗalibin da ya baro garinsu ya zo Jami'ar Tarayya, wadda aka kafa a 2013, bai san kowa ba. Ga ƙaramin ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki, albashi ya ƙare tun tsakiyar wata. Ga mai hidimar ƙasa daga Kudu da ba ya jin Hausa. Ka ce "Ina gajiya?" ya ce "Ba gajiya," alhali kuwa gajiyar ta kai masa iya wuya. Kunya da kara sun hana Bahaushe faɗin cikinsa ga dangi, amma sau da yawa yakan amayar wa baƙon da ya san ba za su sāke haɗuwa ba. Shi ya sa magabata suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Wanda bai iya ba fuskar mutum minti 90 a allo ba, da wuya ya ba ta minti 5 a ɗakin kwana ko a ofis. A nan hasarar take, kuma ta fi ta kuɗin data. Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta keɓe dare guda a kowane zango don nuna irin waɗannan finafinai, a fara da Shaihu Umar, a ajiye wayoyi, in an gama a yi muhawara, mai yabo da mai kushe kowa ya kawo hujjarsa. Wanda ya yi hamma ma a saurare shi, gama koyon saurare shi ne dalilin taron.