Tauraron da Ya Ƙi Shiga Ma'auni: Ƙa'ida da Ƙirƙira a Wasan Dungeons & Dragons

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka. Mutane huɗu ko biyar ne suke zama a tebur guda, ɗaya ya zama madugu mai bayyana duniyar labarin da abin da ke cikinta, sauran kuma kowa ya ɗauki tauraro ɗaya ya riƙa magana da yawunsa. Idan tauraro ya yunƙura yin abin da zai iya gagara, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, galibi mai fuska ashirin, ita ce za ta yanke hukunci. Labari ne da ake ƙagawa da baki nan take, ba a maimaita shi sau biyu a siga ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya ja hankalin mai nazarin adabin baka, ko da bai taɓa riƙe ƙwayar ba.

Littattafan farko sun ba mai wasa zaɓi kaɗan. Sana'o'i uku ne kacal: mayaƙi, matsafi da malamin ibada. Wanda ya zaɓi wada daga cikin jinsunan almarar Turai ba shi da wata sana'a sai yaƙi, kuma ba zai wuce mataki na shida ba. Amma a cikin waɗannan littattafan ne aka yarda cewa mutum zai iya wasa da kusan kowace irin halitta, har da katon macijin nan mai fiffike, muddin ya fara da rauni ya riƙa hawa a hankali. Wato tun daga tushe an buɗe ƙofa ga baƙon tauraro, aka kuma ɗora masa sharaɗi. Sharaɗin nan shi ne abin da ake neman mantawa da shi a yau, alhali shi ne yake ba baƙon tauraro nauyinsa.

Tarihin wasan tarihi ne na sassauci. Bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, bugu na uku da ya fito a 2000 ya kawar da shingen da ke tsakanin jinsi da sana'a, wada ya samu damar zama matsafi. A bugu na biyar na 2014 sana'o'i sun kai goma sha biyu. Duk da haka wani littafin ƙari na 2016 ya rage wa jinsin da ake kira orc maki biyu na basira tun daga haihuwa, aka zo aka janye wannan a 2020, shekarar da littafin Tasha's Cauldron of Everything ya bar mai wasa ya sa makin jinsinsa inda ya ga dama. A bugun 2024 an ɗauke makin daga jinsi ɗungurungum aka mayar da shi kan irin rayuwar da tauraron ya taso a ciki.

Wannan gyara daidai ne, kuma ya yi latti. Ƙa'idar da ta ce wata al'umma jahila ce a jininta ba ƙa'idar wasa ba ce kawai. Tsohon zance ne da 'yan Afirka suka san inda ya samo asali. Sai dai daga wannan gaskiya wasu suka zarce zuwa wani ra'ayi daban, cewa kowace ƙa'ida ƙaidi ce, kuma tauraro mai ban mamaki shi ne wanda aka rubuta wa dogon tarihi mai cike da abubuwan al'ajabi ba tare da an taɓa alƙaluman da ke takardarsa ba. A nan ne kuskuren yake. Idan mai wasa ya ce mayaƙinsa tsoho ne da ƙarfi ya ƙare masa, amma ya ba shi makin ƙarfi mafi girma, to tsufan ado ne kawai, ƙwayar ba za ta taɓa saninsa ba. Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ake amfani da su yana ba da lambobi shida, 15, 14, 13, 12, 10 da 8, a raba su ga ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Mai wasan da ya ɗora 8 a kan ƙarfi, ya ba hikima 15, shi ne ya ƙirƙiri tsohon mayaƙi na gaske, domin duk lokacin da ƙofa ta ƙi ɓalluwa a hannunsa, dole labarin ya nemi wata hanya, kuma a wannan neman ne halin tauraron yake fitowa.

Manazarcin rubutacciyar waƙa ba baƙo ba ne ga wannan. Kari da amsa-amo suna tilasta wa marubuci ya bar kalmar da ta fara zo masa ya nemi wata, sau da yawa kuma ta biyun ce ta fi. Ba wanda yake cewa aruli ya hana sha'irai fasaha.

Akwai dabarar da masu wasan suke yawan amfani da ita: a riƙe alƙaluman wata sana'a, a sauya mata suna da kamanni. A ɗauki misalin mai wasan da yake son ya gina ɗan tauri. Babu irin wannan sana'a a littafin, amma akwai wadda ake kira barbarian. Idan wannan tauraro ya harzuƙa, sara da suka da duka rabin illarsu kawai suke yi masa; ba ya buƙatar sulke, juriyar jikinsa ce kariyarsa; kuma a bugun 2014, a matakin farko sau biyu kaɗai zai iya shiga wannan hali kafin ya yi dogon hutu. Da wuya a samu alƙaluman da suka dace da mutumin da wuƙa ba ta kama shi kamar waɗannan. Matsalar tana cikin sunan. Littafin ya zana wannan tauraro a matsayin mutumin jeji da ke nesa da birni, wanda fushi irin na dabba yake motsawa. Ɗan tauri kuwa mutumin gari ne, yana da uban gida da ya ba shi magani, yana da kirari, yana da kiɗan da yake tsuma shi, yana da dokokin da in ya karya laƙanin zai lalace. Mai wasan da ya sauya suna kawai ya tsaya, ya sa wa baubawan Turawa riga ne. Wanda ya je wurin madugu ya ce tauraronsa ba zai tsumu ba sai an yi masa kiɗa ko an kira kirarinsa, ya ƙara wa kansa ƙaidin da littafi bai ɗora masa ba, ya kuma ba abokin wasansa mai riƙe da sana'ar mawaƙi aikin yi. Daga nan taurari biyu sun ɗauru da juna, kuma ranar da aka kama makaɗin, kowa a teburin ya san abin da ke cikin haɗari.

Ana iya cewa wannan tsanani ne, mutane sun zo nishaɗi ne, ba jarrabawa ba. Akwai gaskiya a ciki. Haka kuma akwai baƙon tauraron da nauyinsa ba a kan mai shi yake sauka ba, a kan sauran mutane ne. Wanda ya gina malamin ibada da ya yi rantsuwar ba zai zubar da jini ba, a wasan da yawancin ƙa'idojinsa na faɗa ne, zai iya barin abokansa uku suna ɗaukar sara a madadinsa mako bayan mako. Shi ya sa ƙwararrun madugai suke keɓe zama guda kafin a fara labari, a daddale abin da kowa zai kawo da abin da sauran za su iya ɗauka, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. A irin wannan zama ne za a gane ko mai zaman lafiyar zai biya nasa kason ta hanyar warkar da raunuka da sasanta rikici, ko kuwa ɗan kallo ne.

Sai kuma a lura da yadda baƙo yake zama ɗan gida. A 1988 R. A. Salvatore ya fito da Drizzt Do'Urden a littafinsa The Crystal Shard, tauraro daga wata al'ummar ƙarƙashin ƙasa da wasan ya ɗauka muguwa ce baki ɗayanta, shi kuwa ya bijire mata. Abin da ya ba shi armashi shi ne duk garin da ya shiga ana gudunsa saboda kamanninsa. Ya yi farin jini har masu wasa bila adadin suka riƙa kwaikwayonsa, aka kai ga ɗan tawayen wannan al'umma mai takubba biyu ya zama abin da madugai suke zolaya da shi idan sabon mai wasa ya zo da takardarsa yana murnar ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa gani ba.